Ku Tambaya Mu Amsa: Yaushe Dutse Zai Sake Yin Babban Aman Wuta?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da dutsen nan na Habasha mai suna Hayli Gubbi ya yi aman wuta a watan Nuwamba 2025, tokarsa ta tsallake Bahar Maliya ta bi ta kan Yaman da Oman har Indiya aka soke tashin wasu jirage, saƙonninku ba su daina shigowa ba. Na tsamo guda biyar, sauran in kun duba za ku ga amsarku a ciki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Wani bidiyo aka turo mana a gurup ɗin 'yan uwa na WhatsApp wai akwai wani dutse a Amurka da lokacin fashewarsa ya ma wuce, wai masana har sun sa rana, kuma in ya fashe shikenan duniya ta tashi. Wallahi yarana jiya da kyar suka yi barci. Don Allah gaskiya ne? Daga wata uwa, Unguwar Rimi.

AMSA: Hajiya ki kwantar da hankalinki, ki kwantar da na yaran. Babu wani masani na gaskiya da ya sa rana, ba a Amurka ba, ba a ko'ina ba, duk wanda ya ce miki ga rana ga wata to neman masu kallo kawai yake, kuma abin na min ciwo sosai yadda ake cin abinci da firgita yara. Wurin da suke nufi sunansa Yellowstone. Eh gaskiya ne ya yi manyan fashewa sau uku, wajen shekara miliyan 2.1 da suka wuce, sai miliyan 1.3, sai ta ƙarshe wajen shekara 640,000 baya. Daga nan ne mutane suka ɗau biro suka raba suka ce ai lokaci ya yi. To dutse ba adashi ba ne da za a ce kwasar wane ta zo ƙarshen wata. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka da ke gadin wurin dare da rana ta ƙiyasta yiwuwar irin wannan fashewa a kowace shekara da kusan 1 cikin 730,000, kuma binciken da aka yi ya nuna yawancin abin da ke ƙarƙashin wurin ma a daskare yake, bai narke yadda zai taso gaba ɗaya ba.

Bari in miki bayanin yadda abin yake faruwa, ke da kike tuƙa tuwo za ki fi kowa ganewa. A can ƙarƙashin ƙasa akwai wuraren da dutse ke narkewa, zafinsa daga digiri 700 har 1,200, kuma cike yake da iska a matse kamar lemon kwalba da ba a buɗe ba. In narkakken dutsen nan tsararo ne kamar kunu, iskar na fita salin alin, sai dai ya malalo ya bi gangare yana cin gidaje, irin wanda dutsen Nyiragongo ya yi wa garin Goma na Kwango a 2002 da kuma Mayun 2021. Amma in mai kauri ne kamar talgen da ya fara ɗaurewa, kin san yadda yake kumbura ya yi fal ya fantsamo miki a hannu, to haka ɗin ne, sai dai nan tukunyar faɗinta kilomitoci ne kuma murfinta dutse ne. Irin wannan shi ne mai tashi sama da toka ya rufe rana.

Masana suna da ma'aunin girman aman wuta daga 0 zuwa 8, kowane mataki ya ninka na ƙasansa kusan sau goma. Wanda ya faru a Aisland a Afrilun 2010, da aka soke tashin jirage wajen 100,000 mutane suka yi ta kwana a filin jirgi a Turai, mataki na 4 ne kacal. Pinatubo na Filifin a 1991 na 6 ne. Tambora na Indonesiya a 1815 na 7 ne, kuma tun daga shi ba a sake ganin kamarsa ba. Na 8 kuwa, na ƙarshe ya faru ne a Taupo ta ƙasar Niyuzilan sama da shekara 25,000 da suka wuce. Ƙananan kam kullum ana yi, yanzu haka da kike karanta wannan akwai duwatsu 40 zuwa 50 da ke cikin aman wuta a duniya, ba a dai kawo su a labarai ne.

To yaushe za a yi babba na gaba? Abin da ilimi ya iya kawowa lissafin yiwuwa ne, sanin rana sai Allah. Ana haƙo tsohuwar ƙanƙara a Girinland da Antatika, wadda ta taru shekara kan shekara kamar shafukan littafi, duk shekarar da aka yi babban aman wuta sai a ga alamar farar wuta a shafinta. Da wannan ne wasu masana biyu a Ingila, Michael Cassidy da Lara Mani, suka rubuta a mujallar Nature a 2022 cewa yiwuwar a samu irin na Tambora a cikin wannan ƙarnin ta kai kusan 1 cikin 6. Kamar dai yaranki su jefa ƙwayar ludo sau ɗaya suna neman siki. Ba lallai ya fito ba, amma duk mai buga ludo ya san siki na fitowa. Ni wannan lissafin ne nake ɗauka da muhimmanci, ba na bidiyon ba.

Wani abin kuma, ba sanannun duwatsun ne suka cika yin ɓarnar ba. Pinatubo ya yi wajen shekara 500 shiru, daji ya rufe shi mutane na noma a jikinsa, da yawa ba su ma san dutsen wuta ba ne. Shi ma Hayli Gubbi babu wani aman wutarsa da tarihi ya rubuta kafin wannan. Masana na sa ido sosai kan Indonesiya mai duwatsu masu rai sama da 120, da kuma wani wuri a gefen birnin Nafoli na Italiya da ake kira Campi Flegrei, inda ƙasa ta kumbura sama da mita 1 tun daga 2005 kuma mutum wajen 500,000 ke zaune a yankin haɗarin.

Abin da ke sanyaya min rai shi ne dutse yakan yi gyaran murya kafin ya yi magana. Ƙasa na ta ƙananan girgiza, jikin dutsen na kumbura, iskar da yake fitarwa na canzawa. Pinatubo ya fara huci a farkon Afrilun 1991, masanan Filifin da na Amurka suka kafa na'urori, aka kwashe mutane dubun-dubata, ranar 15 ga Yuni ya fashe. An rasa rayuka wajen 800, da yawansu rufin gidaje ne ya rufta musu saboda toka ta jiƙe da ruwan guguwa ta yi nauyi, amma da ba a kwashe mutane ba Allah kaɗai ya san adadin. A Kolombiya kuwa a Nuwamba 1985 an zana taswirar haɗari, an yi gargaɗi, hukumomi suka yi ta jan ƙafa, dutsen Nevado del Ruiz ya narkar da ƙanƙarar kansa, taɓo ya gangaro cikin dare ya binne garin Armero, mutum wajen 23,000 suka tafi. Ki faɗa wa yaran babu irin wannan dutsen a kusa da gidanku, kuma inda yake akwai masu gadinsa.

TAMBAYA: Sannu da aiki sa. Ni ɗan Kwoi ne amma ina karatu a nan Kaduna. A 2016 ƙasa ta yi motsi a garinmu har bangon gidanmu ya tsage, tun lokacin tsofaffi ke cewa wuta ce a ƙarƙashin duwatsun. Shin muna da dutse mai aman wuta a jihar nan? Daga wani ɗalibi, Sabon Tasha.

AMSA: Sannu ɗana. Na tuna abin da ya faru a Satumbar 2016 ɗin nan, mutane sun kwana a waje don tsoro, ba abin wasa ba ne, kuma bayan shekara biyu aka ji irinsa a Mpape ta Abuja. Amma girgizar ƙasa daban aman wuta daban. Ta Kwoi motsin tsohuwar tsaga ce a cikin dutsen da ke ƙasa, kamar yadda tsohon gini kan ɗan zauna ka ji ƙas. Duwatsun da muke gani a jihar nan, irin su Kufena a Zariya da na Kajuru, sun taɓa zama narkakku kam, amma a can cikin ƙasa suka huce tun shekaru ɗaruruwan miliyoyi, ruwa da iska suka zaizaye abin da ya rufe su suka fito fili. Babu wuta a cikinsu. Kuma ɓawon duniya a rarrabe yake kamar manyan faya-fayai masu motsi a hankali, Allah ya ajiye Najeriya a tsakiyar faifan ƙasar Afirka, nesa da bakin da faya-fayan ke gogayya, can ne yawancin aman wuta yake.

Sai dai kar ka ce ƙasar nan ba ta taɓa gani ba. In ka bi hanyar Mangu zuwa Panyam da Kerang a jihar Filato za ka ga tsaunuka a jere kamar an kife ƙwarya, wasu da rami a ka, akwai ma tafkin Pidong da ke zaune cikin bakin tsohon dutse. Na taɓa tsayawa a wajen na ɗau wani baƙin dutse, duk jikinsa huji-huji kamar soso, hujin nan gurbin iskar da ta fita ne lokacin yana tafasa, har yau yana kan teburina. Ƙasar wurin kuma ga albarka, shi ya sa dankalin Turawa da masara ke yi sosai. Haka tsaunukan Biu a Borno da tafkin Tila. Duk waɗannan sun yi shiru tun dubban shekaru. Mai rai na kusa da mu shi ne Dutsen Kamaru da ke kan garin Buea, tsayinsa ya haura mita 4,000, ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Muna da cibiyar auna motsin ƙasa a Toro ta jihar Bauchi, kuma a ganina ya kamata a ƙara yawan na'urorin, a sa a Biu da Filato da kudancin Kaduna, don in ƙasa ta sake motsi a samu mai ba tsofaffin garinku amsa da hujja a hannu.

TAMBAYA: Malam ni harkar shanu nake, wani Bafulatani da muke ciniki ya ba ni labarin wani tafki a Kamaru da ya kashe mutane da shanu cikin dare ɗaya ba wuta ba ruwa, na ce anya kuwa. Daga wani dillalin shanu, Zangon Tudun Wada.

AMSA: Alhaji gaskiya ya faɗa maka, kuma 'yan uwansa makiyaya na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Tafkin Nyos ne, a arewa maso yammacin Kamaru, ba shi da nisa sosai da iyakarmu. Tafkin a cikin bakin tsohon dutsen wuta yake, daga ƙasa iska irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi tana ta tsattsafowa tana narkewa cikin ruwan ƙasa-ƙasa shekara da shekaru, nauyin ruwan sama ya danne ta. Daren 21 ga Agusta 1986 wani abu ya motsa ruwan, iskar ta ɓalle gaba ɗaya. Ita wannan iska ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ba ta da launi, sai ta kwanta ta bi kwari tana gangarawa kamar ruwa har wajen kilomita 25. Mutum sama da 1,700 suka rasu, da yawa a kan shimfiɗarsu, da dabbobi wajen 3,500. Waɗanda suka isa wurin bayan kwana ɗaya biyu sun tarar da shanu a zube ko ƙuda babu a kansu, don ƙudajen ma sun mutu, tafkin kuma ya koma ja kamar tsatsa. Waɗanda ke kan tudu da yawansu sun tsira. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya yi irin haka ya kashe mutum 37.

Tun 2001 aka fara sa bututu a tafkin yana fitar da iskar kaɗan-kaɗan, aka ƙara wasu a 2011. Inda abin ya taɓo mu kai tsaye shi ne masana sun yi gargaɗin cewa bangon da ya tare tafkin ba shi da ƙwari, in ya karye ruwan zai biyo kogin Katsina-Ala ya shigo Taraba da Binuwai, wannan na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila. Kuma Alhaji irin wannan iskar ce fa ke kashe masu shiga tsohuwar rijiya a nan garin, shi ya sa tsofaffin mahaƙa ke fara zura fitila, in ta mutu ba mai shiga.

TAMBAYA: Ina shirin tafiya Umara in sha Allahu, sai jikana ya ce wai akwai dutsen wuta a kusa da Madina. Ni dai ban taɓa ji ba. Daga wani dattijo, Rigasa.

AMSA: Baba Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya, a sa mu a addu'a. Jikanka bai yi ƙarya ba. In kun kusa shiga Madina ka leƙa ta tagar mota za ka ga fili baƙi ƙirin da duwatsu kamar gawayi, shi Larabawa ke kira Harra, tsohon narkakken dutse ne da ya daskare. A shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, an yi kwanaki ƙasa na girgiza a Madina, sai wuta ta ɓullo ta kudu maso gabashin garin, narkakken dutse ya malala wajen kilomita 23, aka yi kusan kwana 52 ana abu ɗaya, mutane suka taru a Masallacin Annabi (SAW) suna tuba suna addu'a, kuma bai shiga garin ba. Malaman tarihin Musulunci sun rubuta shi dalla-dalla, da yawansu sun danganta shi da hadisin nan da ke cikin Bukhari da Muslim na wutar da za ta fito daga Hijaz ta haskaka wuyan raƙuma a garin Busra na ƙasar Sham, wannan fannin kam malamanmu ne za su yi maka bayani. Tun daga lokacin wurin bai sake ba. A 2009 an yi ta girgiza a yankin Al-Ais da ke arewa maso yamma, aka kwashe mutum wajen 40,000, narkakken dutsen ya taso ya tsaya a hanya bai fito ba, kowa ya koma gida. Hukumar binciken ƙasa ta Saudiyya na da na'urori a wuraren, ka tafi ibadarka hankali kwance.

TAMBAYA: Ni fa Malam ban ga abin da ya dame mu da dutsen Indonesiya ba, mu da taki ya gagare mu. Ko akwai? Daga wani manomin masara, Saminaka.

AMSA: Yauwa ɗan uwa, taka ce tambayar da na fi so a yi, don in babban aman wuta zai taɓa mu a Kaduna to ta gonarka zai biyo. Ka san yadda hazo ke yi mana a Disamba da Janairu, rana ta koma kamar farin faranti ka iya kallonta da ido, gari ya yi sanyi. Wannan ƙurar ƙasa-ƙasa take, ruwan farko na sauka ya wanke ta. Shi kuwa babban dutse yana cilla hayaƙin farar wuta ne can sama da inda gajimare yake, kilomita 20 zuwa 30, inda babu ruwan da zai wanke shi, sai ya bazu ya zagaye duniya ya zauna shekara ɗaya zuwa uku yana tare hasken rana. Pinatubo ya zuba wajen tan miliyan 15 zuwa 20, zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri. Za ka ce ai da daɗi ma a rage mana zafi, to matsalar ba a nan take ba, a damina take.

Bayan Tambora, 1816 ta zama shekarar da Turawa ke kira marar bazara, ƙanƙara ta sauka a watan Yuni a arewa maso gabashin Amurka, amfanin gona ya lalace a Turai har aka yi ta tarzomar abinci, aka yi yunwa a yankin Yunnan na Sin. A 1783 wata tsaga mai suna Laki a Aisland ta yi wata takwas tana aman wuta, kogin Nilu bai cika yadda ya saba ba, yunwa ta yi wa Masar mummunar ɓarna. Ka ga nisan Aisland da Masar.

Yanzu dawo gida. Ruwan damina da muke samu, iska ce mai laima ke tasowa daga teku ta kudu tana bin inda ya fi zafi zuwa arewa. In hayaƙin dutse ya sanyaya rabin duniya na arewa fiye da na kudu, sai ruwan ya kasa haurowa inda ya saba, ya tsaya can ƙasa. A 2013 masana na hukumar yanayi ta Ingila suka fitar da bincike da ya nuna uku daga cikin damina huɗu mafi muni a yankin Sahel tun daga 1900 sun biyo bayan babban aman wuta ne a arewacin duniya. A Yunin 1912 dutsen Novarupta ya fashe a Alaska, 1913 ruwa ya ɗauke a ƙasar Hausa, aka shiga yunwar nan da kakanninmu ke kira Kakalaba. Kakata ba ta riske ta ba amma ta ji daga bakin uwarta, takan ce har gidan tururuwa mutane suka riƙa tonawa suna neman tsabar da ta tara, kuma har ta rasu ba ta yarda a zubar da ƙanzon tuwo, sai ta shanya ta ɗaure a buhu. A 1982 kuma El Chichón ya fashe a Meziko, sai ga farin 1983 da 1984, wannan kam da yawanmu mun gani da idonmu, shanu na faɗuwa a hanya, mutanen Nijar na shigowa Kano da Kaduna da yara a goye. Ban ce dutse kaɗai ya jawo ba, zafin ruwan teku da wasu dalilai sun taka rawa, kuma a zamanin Kakalaba harajin Turawa ya ƙara wa mutane nauyi. In dutsen a kudancin duniya ya fashe ma lissafin na iya juyawa ruwan ya ƙaru mana.

Amfanin sanin wannan shi ne yana ba da tazara. Daga ranar da ka ji a rediyo cewa wani dutse ya yi gagarumar fashewa a arewacin duniya, irin wadda ake cewa hayaƙinta ya kai can sama, zuwa daminar da za ta ji a jikinta akwai watanni, wani sa'in shekara guda, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A irin wannan shekarar kar ka kwashe masararka duka ka kai kasuwa da kaka don farashi ya ɗan motsa, bar wani abu a rumbu. Ka saurari hasashen damina da hukumar yanayi ta ƙasa NiMet ke fitarwa farkon shekara, ka nemi iri mai saurin nuna irin wanda cibiyar binciken noma ta Samaru ke fitarwa, ka ware wani gefen gonar ka sa dawa ko gero tun da sun fi masara jure ƙishi. Gwamnati kuma rumbunan ajiyar hatsinta su kasance da hatsi a ciki da gaske, don in irin Tambora ya zo ƙasashen da muke sayen shinkafa da alkama a wurinsu su ma rufe ƙofa za su yi su ci nasu. Maganar taki kuma ka sake turo min ita da bayanin girman gonarka da irin ƙasar, zan kai wa wani malamin gona mu amsa maka a fitowa ta gaba. A gaida mutanen Saminaka.